Biskit ɗin Malam Ɗanjuma

Mai kanti ya fizge biskit ɗin geron daga hannun Talatu. Shi kaɗai mijinta Ɗanjuma ke ci da marmari, tunda alkama yanka masa hanji take.

"Hajiya, a doka na masu ciwo ne. Agogon lafiyar da hukuma ta ɗaura masa ya ce ya warke."

"Ciwon da likita ya ce ba ya warkewa?"

"Da agogon ya tambaye shi ya jiki yau, me ya ce?"

Me mutum zai ce in ba "da sauƙi, alhamdulillahi" ba?

A ƙofar gida ta tarar da wani baƙo rungume da burodin alkama.

"Hukuma na taya maigida murna, Hajiya. A gabana zai ci."