Dodon da Ya Gagari Tijana

Miodrag ya sake danna maɓallin wasan bidiyo, kyarkecinsa na cikin wasan ya cafki maƙogwaron dodon. Jini ya yi tsartuwa a allon talabijin. Dodon ya juyo ya yaga kyarkecin biyu, ya take kan macijin da ya biyo baya har ya fashe.

"Ubanka!" in ji Miodrag. "Ni da na karya haƙarƙarin ƙarti a damben birnin Novi Sad, kai ne za ka sa 'yata kuka?"

Tun da ya rabu da uwarta, sai ranar Asabar yake ganin 'yarsa Tijana, ita ma ta fara kawo uzuri. Yau ta zo, ta ce dodon nan ya gagare ta wata da watanni, ta ajiye wasan ta sauka sayo burodi. Ya rantse sai ta tarar ubanta ya yi abin da mijin uwarta ya kasa.

Dodon ya durƙusa, numfashinsa saura ƙiris. A wurin Miodrag, maƙiyi in ya faɗi ƙarasa shi ake yi. Ya sa bijiminsa ya soke shi a ido, ya tattake gawar. Wasan ya adana nasarar da kansa, ba damar komawa baya.

Tijana ta shigo, ya tare ta yana haki.

"'Yar baba, na gama miki da shegen!"

Burodin ya suɓuce mata.

"Baba, kisa ai ko yaushe zan iya. Da rai ake kama shi. Kuma in ya mutu ba ya sake fitowa."

Ta ɗauki jakarta.