Naƙudar Kyauta

"Sista, ki taimaka! Kyauta ke naƙuda tun hantsi!" Wani Jafaru ne a waya, daga wata ruga bayan garin Babban Mutum.

Tun da korona ta sa aka kulle Daura, likitoci suka koma wajen masu cutar, Nas Hadiyya ta zama ita ce likita, ita ce ungozoma, duk ta waya.

"Ba mata a kusa?"

"Ai da ni ta saba."

"To me kake gani?"

"Ƙafafu biyu sun leƙo."

Hadiyya ta miƙe tsaye. Haihuwa ta ƙafa, ga hanya ba mota! Ta sa shi ya wanke hannu da sabulu, ta hana shi ja sai Kyauta ta yunƙura. Ta dinga kwarara "Yi nishi, 'yar'uwa!" har ma'aikatan asibiti suka kewaye ta suna salati.

Can sai ihu: "Ta sauka!"

Hadiyya ta daka tsalle, ta rangaɗa guɗa cikin takunkumi. "Maza ɗora wa uwar a ƙirji!"

Jafaru ya ce, "Sista, ai lashe ta take yi. Maraƙa ce, ja, har ta miƙe! Mun sa mata Hadiyya."