Jirgin Fito da Mai Lambun Tumatir

Tunda kun kasa rabuwa da gardamar nan ta gwamnati da kamfani, ga wani misali, kowa ya auna da kansa.

An yi wani mai lambun tumatir a wani ƙauye na bakin kogi, kasuwa kuwa tana tsallake. Abin da ke haɗa su da ita jirgin fito ne na hukuma, tsohon katako, kyauta ake shiga. Mai tuƙinsa ɗan albashi ne, ya fito da mutane ko bai fito ba wata zai ƙare, saboda haka sai hantsi ya dubi ludayi yake zuwa yana miƙa. Ran da bai zo ba, masunta su tsallakar da mutane a kwalekwalensu, ba mai ce musu kanzil. Ana nan jirgi ya fara yoyo. Mai tuƙi ya kai kuka ofis har ya gaji, sai ya roƙi mutanen gari su yi gayya rana guda, a jawo shi tudu a toshe da tsumma da kwalta. Mai lambun nan, Allah ya yi shi da baki, ga kuma rabin gwangwanin kwalta ajiye a zaurensa, shi ya fara miƙewa. Ya ce, "Jirgin ubana ne? Na gwamnati ne, in ya nutse ta sayi wani!" Aka yi dariya, aka watse. Damina biyu jirgi ya yi, aka kifa shi a gaɓa.

Sai aka ba wani kamfani fiton. Tubarkalla! Jirgi mai inji, fenti na sheƙi, ba ya makara ko da ƙiftawar ido. Kuɗin shiga bai dami mai lambu ba, har cewa yake yanzu aka san ana mulki. Abin da bai lura ba, cikin sharaɗin da aka yi, ba wanda zai ƙara fito a wannan yanki sai kamfani. Shi kuwa kamfani ba ya wasa da aikinsa, ko wane iri ne. Yadda yake kiyaye lokaci, haka ya kiyaye ruwa: masuncin da ya ɗauki mutum, a ƙwace masa filafilin tuƙi. Da aka yi 'yan watanni, kamfani ya duba ya ga ƙauyen ba ya cika masa jirgi, ya ɗauke matsayarsa ya mai da ita babban gari can nesa a bakin kogin. Ba ƙiyayya, ba gaba. Mutane suka kai ƙara, aka ce magana tana hannun hukuma, hukumar da suka sani.

Wannan ya zo daidai da nunar tumatir, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa, ga shi duk abincin gidan mai lambu na shekara a kansa yake. Ranar kasuwa mutumin ya ɗora kwanduna a baro, ya yi ta turawa cikin rairayi, taya na nutsewa, ruwan tumatir na bin ƙafarsa. Yana hango matsaya, ya ji inji ya tashi. Ya yi ihu, ya ɗaga hula. Ina! Jirgi ya tafi a kan lokacinsa, abin da ya shekara yana roƙon Allah ya ba su. A nan ya tuna tsohon mai tuƙi, wanda in ya hango mutum tafe da kaya sai ya dasa gora ya jira, yana ta mita. Ga shi ba wanda zai zaga.

Ya juyo da baro. Abin da bai fashe ba ya yayyanka zai yi kauɗa, ko ya tsira da wani abu. Da ya nemi wurin shanya mai tsabta a gaɓar, bai samu ba sai bayan tsohon jirgin nan da ke kife. Yana jera tumatir, hannunsa ya faɗa kan tsagar da ta kashe jirgin. Ya auna ta. Ba ta kai kamu ɗaya ba, kwaltar kuwa tana nan a zaure, ta daskare.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya ƙi sharar masallaci, ya yi ta kasuwa.