Sunaye Tara na Ɗan Kamasho

Uku. Abin da rumbun bayanan laburare ya ba Malama ke nan bayan ta danna maɓallin nema. Maƙaloli uku, ɗaya ma a kan dillalan gidaje take.

Farfesa, mai duba aikin digirinta na biyu, talatin take so kafin ƙarshen wata. "Ilimin zaman jama'a ba hirar tasha ba ce, Malama. In babu wanda ya taɓa rubutu a kan 'yan kamasho, ki sake maudu'i." Sake maudu'i kuwa na nufin zubar da shekara guda, da hira arba'in da biyu da ta yi a tashoshin mota, tana shan hayaƙi ana jan jakarta ana tambayarta ina za ta.

Ta kai kukanta wurin ma'aikacin laburaren. Ɗalibai suna kiransa Malam Shiru, domin kalmar da aka fi ji daga bakinsa ke nan. Hannun rigarsa kullum fari ƙal, kamar bai taɓa jingina da komai ba. Ya miƙo mata wata 'yar takarda mai shafi huɗu da ke koyar da dabarun nema, ya ce ta riƙa adana bincikenta a asusunta. Asusun dai tana da shi. Tun farkon shekara ta buɗe shi a wayar maigidanta, makon da tata ta faɗa bokiti.

Maigidan direban babbar mota ne, yana kai kaya ƙasashen maƙwabta. Ya zo Juma'a zai koma Lahadi. Ta zayyana masa matsalar tun daga tushe, da Farfesa, da maƙaloli ukun, da takardar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kyauta." Sannan ya tambayi inda aka ajiye filas ɗinsa.

Ran Litinin ta zazzage jakarta, takardar ta yi ɓatan dabo. Kunya ta hana ta roƙon wata.

Ran Laraba ta zauna a kwamfuta ta huɗu, mai kujera gurguwa, ta buɗe binciken da ta adana. An taɓa shi. Bayan kalmarta ɗaya tilo, wadda ta ɗauko daga ƙamus, an ƙara wasu biyu da ba ta taɓa gani ba, an raba su da 'yar kalmar Turancin nan mai nufin "ko". Ta danna. Goma sha ɗaya.

Ta buɗe ta farko, ta karanta, ta gane. Kowace ƙasa da sunan da take kiran ɗan kamasho, masu bincike na can kuma da sunan titi suke rubutu, ba na ƙamus ba. Ita ta yi ta sallama ne a ƙofar da babu kowa.

Ta ɗago ta dubi Malam Shiru. Yana jera katuna. Idonsu ya haɗu, ya ɗan sunkuyar da kai. Ta sunkuyar da nata.

Bayan kwana uku sunayen sun zama biyar. An sa wa masu kalma biyu alamar zance don kada rumbun ya raba su. Ashirin da shida.

Malama ba mai yawan tunane-tunane ba ce, shekararta goma sha ɗaya da aure. Ta dai lura cewa akwai mazan da ake gaya wa damuwa sau ɗaya su riƙe. Ta lura kuma maigidan, in ya kira, maganarsa ba ta wuce uku: "Kin ci abinci? Yara fa? To, caji zai ƙare." Kwanan nan kullum cajinsa a bakin ƙarewa yake, alhali kwanansa huɗu a layin kan iyaka ba abin da yake yi sai zama.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, sunaye suka kai tara. Maƙaloli arba'in da bakwai. Malama ta kwafe su a filashin kwamfuta.

Farfesa ta bi jerin da bakin biro, ta cire tabarau. "Ashe kin iya nema. Ci gaba da maudu'inki. Sai dai akwai guda shida a nan da suke magana a kan kwandastoci, ban san me ya kawo su ba."

Malama ma ba ta sani ba.

A hanya ta sayi alƙalami mai kyau, aka naɗe mata shi. Ta ajiye a gaban Malam Shiru, ta ce a hankali, "Na gode da sunayen."

"Wane sunaye?"

Ga kawaici kuma, ta ce a ranta. Ya juya alƙalamin, ya gwada shi a bayan wani kati, ya sa a aljihu. Da ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya nuna mata allon da ke bango mai cewa a yi shiru.

Maigidan ya dawo ran Asabar da la'asar. Ya wanke hannu sau biyu, baƙin mai bai fita daga farcensa ba. Ta kawo abinci, ta zauna gefe, ta gaya masa Farfesa ta amince.

"Madalla," ya ce, ya ci gaba da ci.

Ta dubi tsakar kansa inda gashi ya fara janyewa. Da ya gama ya laluba aljihu yana neman tsinken sakace, sai ya zaro wata takarda mai shafi huɗu, ta sha ninki, duk gefenta shatin babban yatsa ne na baƙin mai. Ya ajiye ta kusa da kwano.

"Ga takardarki, Malama. Sannan ki cire suna na bakwai. Na sake tambaya a tashar can, ashe kwandasta suke nufi."