Tsohon da Ke Kashe Injin Kwami

Injiniya, tunda ka ce mita ba ta ƙarya, ajiye ta tukuna ka saurare ni. Shekara arba'in ina gyaran wuta, kuma ban ce tana ƙarya ba. Amma abin da aka tambaye ta kaɗai take faɗa, a lokacin da aka tambaye ta. Bari in ba ka misali.

An yi wani otal mai kwamin ninƙaya, da wani tsoho da ya shekara ashirin yana kula da ruwan. Shi ke kwashe ganye, shi ke zuba magani, shi ke kunna injin da ke jan ruwa yana tacewa. Da mai otal ya samu hali, sai ya sayo akwatin na'ura mai sarrafa komai da kanta: ta kunna inji, ta auna magani, ta kunna fitilu. Aka ce wa tsoho daga yau nasa shara ce kawai. Ba a yi wata guda ba ruwa ya fara kore, baƙi suka fara ƙorafi, domin sau da yawa sai a tarar da akwatin a mace. Aka kira wani mai gyaran wuta, gwani ne ba laifi, sai dai yana ji da kansa. Kullum da hantsi yake zuwa, bayan ya sha shayinsa. Ya duba fis, lafiya. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta saki. Ya ɗora mita, wuta cif yadda ake so. A zuwa na huɗu ya buɗe inda na'urar ke ajiye bayanin abin da ya same ta, ya ga ashe ba mutuwa take yi ba, hannu ne ke sauke makunninta, kusan kullum bayan la'asar. Ya ji daɗi ƙwarai, wai shi ya kama ɓarawo.

Aka kira tsoho gaban mai otal. Bai musa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Wutar ce ba ta da lafiya da yamma, injin nishi yake yi." Mai gyara ya kwashe da dariya, ya ce yaushe inji ya zama mai naƙuda. Ya ɗaga mitarsa ya ce ga shaida, wuta ƙalau take, tsoho dai baƙin ciki yake da na'urar da ta karɓe masa aiki. Wannan kalma ita ta kashe maganar. A ranar aka sallami tsoho, ma'aikata suna kallo, ana cewa ya ci amanar gidan da ya ci tuwonsa shekara ashirin. Ya ɗaure tabarmarsa da butarsa ya koma ƙauye, kuma sunan maci amana ya riga shi isa. Mai gyara ya sayo kwaɗo ya garƙame akwatin, ya jefa makulli a aljihu.

Kwana tara aka yi. A na goma injin ya ƙone ƙurmus, ya haɗa da na'urar, ɗakin duk ƙaurin roba. Aka sake kiran gwani. Wannan karon kunya ta hana shi tafiya da wuri, ya zauna a ɗakin injin yana jujjuya ƙonannun wayoyi har aka yi la'asar. Yana zaune sai ya ga ƙwan fitilar da ke saman kansa ya dushe, ya koma ja kamar garwashi. Ya ɗora mita. Wuta ta faɗi kusan rabi. Ya fita ya bi layin da ƙafa, sai ga injin casar shinkafa a bayan katanga, taransifoma ɗaya suke sha da otal, kuma sai manoma sun dawo daga kasuwa ake tayar da shi. Inji kuwa in aka ba shi rabin wuta ba ya tsayawa, ja yake yi yana zafi har ya cinye kansa. Tsoho bai san sunan wannan ba. Tafin hannu yake ɗorawa a jikin injin, in ya ji zafi da canjin kuka ya kashe, in wuta ta dawo daidai ya kunna, wani lokaci ya manta sai da safe. Abin da aka kira cin amana ke nan, kuma ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mai gyara ya nemi ƙauyen ya je neman gafara. Ya tarar da tsoho kwance a zaure, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki mako biyu bayan dawowarsa. Hannun daman nan da yake ɗorawa a kan inji yana ajiye a gefe, ba ya motsi. Kafin baƙo ya buɗe baki, tsoho ya dube shi, ya ce da harshe mai nauyi, "Ya ƙone, ko? Bayan la'asar?" Mai gyara ya durƙusa yana kuka. Tsoho ya yafe masa. Mai otal ma ya aiko a ce ya dawo bakin aikinsa, amma babu ƙafar dawowa, kuma bai ga damina ta gaba ba.

To, Injiniya, ɗauki mitarka, kayan aiki ce mai kyau. Amma in ka shiga wuri, kafin ka ɗora ta, nemi wanda ke yini da injin, ka gaishe shi, ka tambaye shi, ko da bai san sunan waya ɗaya ba. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.