Rishon Tagulla na Baba

Bayan la'asar Baba ya dawo daga gonar albasa a Aliero, ya zube kan tabarma, ko laka bai wanke ba. Shayi kawai yake so. Na ɗauko masa tsohon rishon tagulla mai famfo, wanda ya gada wurin kakana, da kwalbar kananzir da na sayo bakin titi.

Kafin ya zuba, ya ɗiga kaɗan a bayan hannunsa, ya hura. Nan take wurin ya bushe.

Ya ce, "Wurin wa ka sayo wanga?"

Na ce, "Wurin mai sayar wa masu injin ban ruwa mai."

"To, ya cuɗe da fetur. Kananzir na ƙwarai ba shi bushewa haka, maiƙo shika bari. Rishon ga kananzir kaɗai ya sani. In munka kunna shi da wanga, har rufin ɗaki sai ya tashi."

Ya toshe kwalbar, ya ja hula ya rufe fuskarsa.

Yanzu ni ma da irin gajiyarsa nake dawowa gida. Na san yadda ya so shayin nan.