Hoto Ɗaya, Shafi Biyu

Kafinta yana tsaka da goge ƙafar wata kujera sai wayarsa ta yi ƙara. Ya share hannu a jikin riga ya duba. Jan rubutu ne ya gitta a kan shafin intanet da ya buɗe don neman taimakon jinyar 'yarsa: an dakatar, ana bincike.

Sau uku ya karanta. Sannan ya zauna a kan tarin katako.

Wata huɗu ke nan yarinyar tana kwance da cutar jini. Shekararta ashirin da ɗaya, kuma ita kaɗai gare shi, uwarta ta rasu tun tana rarrafe. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata. Da likitoci suka ce sai an yi mata dashen ɓargo, ya sayar da injin yankan katako, ya sayar da filin gado, abin bai je ko'ina ba. Wata nas ce ta nuna masa dandalin tara gudummawa na intanet, ta koya masa ɗora hoto da takardun asibiti. Shi da da yatsa ɗaya yake rubuta saƙo, ya wayi gari yana roƙon mutanen da bai taɓa gani ba. Kuma suka bayar. Saura ƙiris a cika. Ranar Alhamis asibitin da ke yin dashen zai rufe karɓar suna. Yau Litinin.

Ya kira lambar kamfanin da ke da dandalin. Muryar na'ura ta ce ya danna ɗaya, ya danna biyu, ta yi masa godiya, ta katse.

Kafin ya nufi ofishinsu, ya fara biyawa ta asibiti. Yana ɗaga labule yarinyar ta tura wayarta ƙarƙashin matashi, ta yi masa murmushi.

"Baba, ka ci abinci kuwa?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Ga dusar katako nan har a gemunka." Ta kama hannunsa, nata ba nauyi. "Baba, ko ba a samu kuɗin nan ba, ba komai."

"Rufe mini baki, Uwata."

"Kai! Haka ake yi wa uwa magana?"

Ya yi dariyar dole, ya fito bai gaya mata ba. A baranda ya tare likita da maganar Alhamis. Likitan ya dubi takardun hannunsa, ya ce, "Malam, ka samu lokaci ka zauna da 'yarka." Ya wuce. Kafinta ya bi shi da harara. Wa ke da lokacin zama?

Ofishin kamfanin yana hawa na tara. Ko'ina gilashi, sanyi kamar cikin firij. A bango akwai ƙaton allo, fuskoki suna wucewa ba tsayawa: mai neman kuɗin makaranta, wadda shagonta ya ƙone, jariri da robar iska a hanci. Ya karɓi lamba ya shiga layi. Sai da la'asar ta kawo jiki aka kira shi.

Ma'aikacin da ke teburin ya yi bayani kamar wanda ya haddace. Kamfanin ya bunƙasa, dubban shafuka ake buɗewa kullum, ba a iya bi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kwamfuta ce ke tantancewa. Ta ga hoto ɗaya a shafi biyu, ta rufe duka. Bincike yana ɗaukar kwana goma sha huɗu.

"Shafi biyu? Ni ɗaya na buɗe!"

"To wani ya buɗe na biyun ranar Asabar."

Jini ya hau masa ka. Wani maras tsoron Allah ya saci hoton 'yarsa tana kwance, zai ci abinci da ciwonta. Ya buga teburin. Masu gadi suka matso. Da ya ga za a fitar da shi sai ya cire hula, ya durƙusa a tsakiyar falon, dattijo mai furfura, gaban yaran da a haife ya haife su.

"Ku rufe na ɓarawon, ku buɗe mini nawa. Kwana uku ne gare ni. Don girman Allah."

Wata mata mai tabarau ta fito daga ofishin ciki, shugabar sashen ce. Ta ɗaga shi, ta shigar da shi, ta ba shi ruwa. Ta ce doka ta hana a nuna wa wani shafin wani, amma za ta duba da kanta.

Ta buɗe. Ta karanta. Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Baba, faɗa mini lambar asusunka."

Ya faɗa. Ta gwada ta da lambar da ke gabanta.

"Kin gan shi? Wane ne? Wallahi sai na kai shi kotu!"

"Ba ɓarawo ba ne, Baba. Shi ma wannan shafin, asusunka kuɗin za su shiga."

Ta juyo masa da kwamfutar a hankali. A wurin sunan mai buɗewa, sunan 'yarsa ne, ƙarƙashin hoton kuma ta rubuta: "Likita ya gaya mini jiya cewa lokacin dashe ya wuce, kwanaki suka rage mini. Babana bai sani ba. Ba don kaina nake roƙo ba. Ku taimaka masa ya sake miƙewa, ba shi da kowa a bayana."